Neman shawara: da yawan ambato ake gane malamin da za a bi a binciken samuwar taurari?

Ɗan Fadama, Argungu

Assalamu alaikum. Ina gaida malamaina da yayyena.

Ina koyar da fiziks a wata jami'a a nan jihar Kebbi, shekara huɗu ke nan ina ƙaramin malami. Bara na gama digiri na biyu, bana kuma Allah ya kawo damar tallafin zuwa waje don digiri na uku. Sharaɗin shi ne in kawo takardar amincewa daga malamin da zai duba aikina. Fannin da raina ke so tun ina aji uku shi ne samuwar taurari, wato yadda gajimaren gas da ƙura mai tsananin sanyi, kusan digiri 263 ƙasa da sifili, yake dunƙulewa saboda nauyin kansa har cikinsa ya ɗau zafi ya fara haske. Ba taurarin 'yan duba ba. Sai da na zauna sau biyu na yi wa Baba wannan bayani kafin ya sa albarka.

Abin ya faro ne tun daga tsakar gidanmu. Da kaka, in an yi sallar isha'i an shimfiɗa tabarma, Inna takan nuna mana Kaza da 'Ya'yanta sun taso ta gabas, ta ce mu ƙirga. Ni shida nake samu, ƙanwata ta rantse bakwai take gani. Ranar da na karanta cewa waɗannan taurari 'yan ciki ɗaya ne da gaske, gajimare guda ya haife su kimanin shekara miliyan 100 da ta wuce, alhali ranarmu ta kai shekara biliyan 4.6, sai na ji sunan da Hausawa suka raɗa musu ya zauna daram. Tambayar da ta riƙe ni tun daga lokacin ita ce: me ya sa abin ke tafiya a hankali haka? Galaksin da muke ciki, wato babban tarin taurarin da ranarmu take cikinsa, cike yake da gas, amma abin da yake mayarwa taurari a shekara bai wuce nauyin rana ɗaya zuwa biyu ba. Akwai abin da ke riƙe gajimaren nan, kuma shi nake so in bi.

Na rubuta wa malamai bakwai, biyu suka amsa. Na farko farfesa ne a Turai. A Google Scholar, shafin da ke ƙirga maƙalun masana, maƙalunsa sun haura 400, lambarsa ta h, wadda ake auna tasirin maƙalun masani da ita, ta wuce 80. Layi biyu ya rubuto mini: ya amince, in tuntuɓi ofishin sashe. Ta biyu mace ce a Afirka ta Kudu, maƙalunta ba su kai 70 ba, h ɗinta 24. Tana aiki ne a kan zaruruwan gas da madubin hangen sararin samaniya na Herschel ya nuna a cikin gajimarai tsakanin 2009 da 2013, inda aka ga cewa yawancin ƙwayoyin da za su zama taurari a jere suke bisa zaren kamar 'ya'yan carbi. Ita sai da ta nemi kundina, ta karanta, ta dawo mini da shi ta ce na yi kuskuren ma'auni a babi na huɗu. Na duba, gaskiyarta ce. Malamai uku sun sa hannu a kundin nan ba wanda ya gani.

Wani babba a wurin aikinmu, wanda nake girmamawa ƙwarai, ya ce kada in yi wasa da damata, in bi na farko, lamba ba ta ƙarya. Ni kuma zuciyata ta kasa natsuwa. Ku taimake ni: a wannan fanni, me yawan ambato, wato sau nawa wasu suka kawo sunan maƙalar mutum a nasu rubutun, yake nunawa a kan masani, me kuma ba ya nunawa? Shekara huɗu ce ta rayuwata, ga iyali zan bari a gida.

Maman Sadik, Gusau

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sanya alheri. Na bi hanyar nan kafin kai, don haka ka yi haƙuri zan tsawaita.

Fara da sanin abin da lambar h take ƙirgawa. Wani masanin fiziks a Kalifoniya, Jorge Hirsch, shi ya kawo ta a 2005. In aka ce h ɗin mutum 24 ne, ana nufin yana da maƙalu 24 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 24. Iyakarta ke nan. Ba ta sauka ko mutum ya daina aiki, ba ta san shekarunsa ba, ba ta kuma san ko shi kaɗai ya yi rubutun ko shi ne na ɗari uku a jerin sunaye. Hirsch da kansa ya ce mai h 20 bayan shekara 20 yana bincike ya yi nasara a fiziks. To kafin ka raina 24, duba shekarar da malamar ta gama nata digirin.

Sannan a fanninmu akwai maƙalar da ake ambata don an karanta an yi gardama da ita, akwai wadda ake ambata don ta zama tiya a kasuwa. A 1955 Edwin Salpeter ya fitar da maƙala mai shafi bakwai, ya nuna cewa in gajimare ya haifi taurari, ƙanana ne ke da yawa, manya 'yan kaɗan: duk sanda nauyi ya ninka biyu, yawan kan ragu kusan sau biyar. Pavel Kroupa a 2001 da Gilles Chabrier a 2003 suka gyara ɓangaren ƙananan, don taurarin da ba su kai rana nauyi ba ba su yi yawan da layin Salpeter zai bayar ba. Yau duk wanda zai ƙiyasta nauyin wani galaksi mai nisa dole ya faɗi da wanne ya auna, layi ɗaya tak, ya wuce. Haka kowacce a cikinsu ta tara dubban ambato. Aikin ya cancanta, ba na ja. Amma yawancin masu ambaton ba samuwar taurari suke bincike ba, tiya suka ara suka auna hatsinsu suka mayar.

Haka Robert Kennicutt. A 1998 ya tattara galaksi 97 ya gwada abin da Maarten Schmidt ya kawo tun 1959, ya samu cewa saurin samuwar taurari yana bin kaurin gas da ƙarfin 1.4, wato in kaurin gas ya ƙaru, saurin kan ƙaru fiye da yadda kaurin ya ƙaru. A shekarar ya kuma rubuta sharhin da ke ɗauke da lissafin mayar da hasken galaksi zuwa adadin taurarin da yake haifarwa. Kowa na buƙatar wannan lissafi. Masu binciken galaksi kuwa sun fi masu binciken gajimare guda yawa nesa ba kusa ba. Wadda ta kafa ido a kan zare ɗaya cikin gajimaren Taurus ko Orion, ko ta fi kowa iya aiki, masu ambatonta ba za su kai na wanda ke babbar kasuwa ba.

Ga kuma maƙalun taron dangi. Bayanan tauraron ɗan'adam na Gaia in za su fito, ɗaruruwan sunaye ke kan maƙala ɗaya, kuma kowane suna yana kwasar ambaton gaba ɗaya. Haka maƙalun manhajar Astropy na 2013 da 2018 da 2022. Ba laifi ba ne, aiki suka yi. Amma maƙala goma irin waɗannan suna iya ɗaga lissafin mutum sama ba tare da sun gaya maka komai a kan yadda yake tunani ba.

Don haka ka rufe Google Scholar, ka buɗe ADS, rumbun maƙalun falaki da NASA ke ɗaukar nauyi. Kyauta ne, kuma shi 'yan fannin ke amfani da shi. In ka sa alamar ^ kafin sunan mutum, zai ware maka maƙalun da shi ne a farko, kuma a al'adarmu na farko shi ya yi gumin. Akwai shafin da ke cire ambaton da mutum ya yi wa kansa, ya kuma raba ambato bisa yawan marubuta. Amma abin da ya fi duk wannan: ka nemo sunayen ɗalibansu na shekara biyar da ta wuce, ka ga maƙala nawa kowane ɗalibi ya fitar da sunansa a gaba, a wace mujalla, kuma ina yake yanzu. Kai ɗalibi za ka je ka zama, lissafin ɗalibansu shi ne naka.

Ina faɗa maka haka ne don ni suna na bi. Malamina babba ne ƙwarai, ko'ina aka ji sunansa sai a gyara zama. A shekarata ta farko sau uku na zauna da shi, kullum yana jirgi. Na yi wata bakwai ina tace bayanan da ba su da amfani saboda ba wanda ya leƙa ya ce mini tsaya. Wata matashiyar dakta a ofishin kusa da nawa ita ta ɗauke ni kamar ƙanwarta, ba don ita ba da na tattara na dawo Gusau hannu rabbana. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Ba na cewa farfesanka haka yake, ban san shi ba. Ka bincika.

Ka kuma nemi maƙalar Richard Larson ta 1981 a ADS ka karanta. Shi kaɗai ya rubuta ta, bai haɗa ido da wani madubi ba, ma'aunan da wasu suka riga suka wallafa ya tattara, ya ga cewa gwargwadon girman gajimare gwargwadon yadda gas ke hargitsewa a cikinsa. Har yau da ita ake fara zancen abin da ke hana gajimare ruftawa da sauri, tambayar nan taka.

Malam na Gwandu

Salamu alaikum. Ɗana, ni ban san komi ba ga wanga ilimi naku. Ɗiyata tak karanto mini zancenka ga waya, nic ce ta rubuta maka abin da nis sani.

Wagga matsala ba sabuwa ba ta, malaman hadisi sun daɗe da ita. Abu Huraira, Allah shi ƙara mai yarda, an ƙirga mai hadisi 5,374. Sayyadina Abubakar ko, abin da anka ruwaito daga gare shi 142 na. Ba malamin da yat taɓa ɗaukar wanga ƙirga yac ce da ita za a san matsayinsu. Dalili sananne na: Abubakar shekara biyu da 'yan watanni yay yi bayan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, kuma hidimar jama'a ta cika mai hannu. Abu Huraira ko ya yi tsawon rai, ya zamna mutane suna zuwa suna ɗauka gare shi. Kowane da falalatai. Da malamai sunka zo tantance maruwaita kuma, adalcin mutum da kiyayewatai sunka duba.

Nan Gwandu, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda yay yi don shi lissafa malaman da yaɗ ɗauki karatu gare su, da abin da yak karanta wurin kowane. Da muna almajirai, in za a kai yaro ga malami ba a tambayar littafi nawa ag gare shi. Zaure akan tahi a zamna, a saurari almajirinai shina biya karatu. Wagga mata da tag gano kuskurenka, ta riga ta fara karantar da kai.

Ka yi istihara, ka shawarci mahaifinka. Allah shi yi ma zaɓi na alheri.

Abu Ammar, Kaura Namoda

Ina neman afuwar Malam da Dakta Maman Sadik, duk abin da suka faɗa gaskiya ne, amma akwai ɗaya gefen, kuma kada mu bari yaron nan ya tafi bai ji shi ba.

Lambar nan ko ba ta auna ilimi, tana buɗe ƙofa. Binciken samuwar taurari yau a hannun manyan na'urori yake. ALMA da ke hamadar Atakama a Cile, faranti 66 a kan tudu mai tsayin mita 5,000, ita ta ɗauko hoton HL Tau a 2014 aka ga faifan ƙura da zobba kewaye da jaririn tauraro. Madubin James Webb da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021 shi ke leƙa cikin ƙurar yanzu. Masu neman lokaci a kan waɗannan na'urori sun ninka lokacin da ake da shi sau da yawa. Babban rukuni ya fi samun lokaci, ya fi samun kuɗin kai ɗalibi taro, kuma wasiƙar shaida daga wanda kowa ya sani tana da nauyi ranar neman aiki. Ku duba Farfesa Samuel Okoye, ɗan ƙasarmu. A Kambirij ya yi aiki da Antony Hewish, suka wallafa a 1965 cewa akwai wani ɗan ƙaramin abu mai ƙarfin rediyo a cikin hazon Crab, wanda daga baya aka tabbatar ragowar tauraro ce mai juyi da sauri. Hazaƙarsa ce, amma da bai samu inda na'urar take ba, da me zai gani?

Sannan in ka dawo gida, ƙanena, kwamitin ƙarin girma ƙirge zai yi. Ni na ɗanɗana. Na shafe shekara biyu a kan maƙala ɗaya, masu tantancewa suka dawo da ita sau uku kafin ta fito a mujallar ƙwarai. Abokin aikina ya fitar da tara a shekara guda a mujallun nan na biya-a-buga, waɗanda ko waƙafi ba sa gyarawa. Shi aka ɗaga, ni aka ce in ƙaro. Har yau abin na ci mini rai, don ɗalibai suna kallo kuma suna koyo. Tun 2012 masana suka yi sanarwar San Faransisko cewa a daina auna mutum da lambar mujalla, a karanta aikinsa. Mu nan ba ta iso ba tukuna.

Ban ce ka bi farfesan ido rufe ba. Ka tambaye shi kai tsaye: wa zai zauna da ni mako-mako, kuma da waɗanne bayanai zan yi aiki? In ya ba ka sunan mutum da sunan aiki, to ka sake tunani kafin ka bar shi.

Ɗan Fadama, Argungu

Na gode ƙwarai. Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, na karanta wa mahaifina saƙonka ya ce in gaishe ka. Malam Abu Ammar, na tura tambayarka kamar yadda ka tsara ta.

Yaya, na bi abin da kika ce. Dare biyu na yi a kai, sai bayan sha ɗaya intanet ke yin sauri a unguwarmu, ga batirin sola ba ya kai asuba. Da na sa alamar nan a sunan farfesan, maƙalar ƙarshe da yake a farko ta kai shekara tara. Ban ɗauke shi aibi ba, don ɗalibansa suna da yawa kuma suna wallafawa a manyan mujallu. Sai dai na lura kusan kowace maƙalar ɗalibi akwai wani suna guda da ke zuwa na biyu, na farfesan yana can ƙarshe. Na bi sunan, ashe wani matashin dakta ne, kuma bana ya koma wata jami'a. Wannan ya tsaya mini a rai.

Ita malamar, ɗalibai huɗu na samu. Kowanne yana da maƙala biyu ko uku da sunansa a gaba, nata na biye. Biyu sun koma ƙasashensu a Afirka kuma suna ci gaba da wallafawa daga tsofaffin bayanan Herschel da na ALMA, tunda bayanan ALMA kan zama na kowa bayan shekara guda. Na kuma yi wani abu da ba ku ce in yi ba. Na buɗe maƙala ashirin cikin waɗanda suka ambaci aikinta mafi shahara, na nemi inda sunanta ya fito. A cikin goma sha uku ba ambaton layi ɗaya ba ne: sun ɗauki ma'auninta na faɗin zare sun gwada da nasu, uku ma sun ce ba su yarda ba, suka kawo dalili. Na zauna ina karanta gardamar har aka kira assalatu, ban san lokaci ya tafi ba. Rabon da in ji haka tun ina aji uku.

Na rubuta wa tsofaffin ɗalibai biyu na kowane ɓangare. Ɗaya daga na malamar ya amsa, ya ce duk Talata suke zama, kuma ba ta barin kuskure ya kwana. Ya kuma gaya mini gaskiya cewa kuɗin zuwa taro yana musu wuya, sau ɗaya ya fita a shekara huɗu. Na farfesan ba su amsa ba tukuna, shi ma haka. Zan jira su zuwa Juma'a, don wa'adin miƙa takarda ƙarshen wata ne, kuma zan yi istihara kamar yadda Baba Malam ya ce.

Yaya, saura tambaya ɗaya. In Allah ya sa na gama na dawo Kebbi, bayanan ALMA na gajimare guda nawa ne girmansu, kuma kina iya sauke su daga Gusau, ko sai kin roƙi wani a waje ya tace ya turo miki? Ina so in san wannan tun yanzu, don in roƙi aikin da zan iya ci gaba da shi a kan kwamfutata a nan gida.